Yadda Malam Nuna-Aiki Ya Halatta Canka

Duk wanda ya bi ta ajin lissafin Malam a sakandare ya fita da abu ɗaya a ka: amsa ba ta da daraja sai an ga hanyar da aka bi aka same ta. Ka rubuta amsa daidai, tsirara, babu lissafi a samanta, Malam zai zagaye ta da jan biro, ya ɗora maka sifiri mai kyau, sannan ya rubuta a gefe: nuna aikinka. Shi ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Malam Nuna-Aiki. Ya san da sunan, kuma ko kusa bai ɓata masa rai ba, sai ma ƙara ɗaga kafaɗa da yake yi idan ya jiyo shi a bayansa. Wanda bai sani ba, Malam zai zauna da shi har sai ya sani. Amma wanda ya dubi tambaya ya jefa amsa don neman sa'a, wannan kam sun ɓata har ƙarshen zango. Har ya yi ritaya ba a taɓa jin ya yafe wa mai canka ba.

A cikin 'ya'yansa, Auta ce ta ɗauko kansa. Yayyenta da sun ga ya ɗauko littafi kowa zai tuna yana da wanki, ita kuwa tun ƙafarta ba ta taɓa ƙasa daga kan kujera take zama kusa da shi a teburin cin abinci tana jan layi da rula. Rubutunta nasa ne sak, har da layi biyun da yake ja a ƙarƙashin amsa. Malam ba mai yabo ba ne, amma idan ya ce “ɗalibata ta gaske”, kowa a gidan ya san wa yake nufi.

Yanzu Auta ta girma, tana aiki a wani kamfanin rarraba magunguna, ita ke tsara wace mota za ta ɗauki me ta kai ina. Ta san aikin kamar yunwar cikinta. Sai dai duk lokacin da kujerar manaja ta zama babu kowa, daga waje ake kawo wani mai digiri na biyu a harkar kasuwanci, a ce ta nuna masa yadda ake yi. Da abin ya ishe ta, ta ce ita ma za ta je ta yi digirin. Makarantar da take so kuwa ba ta ɗaukar kowa sai ya ci wata jarrabawa da ake yi a kwamfuta. Tambaya ɗaya take fitowa a lokaci guda, da amsoshi a jere ka zaɓi ɗaya, ga agogo a kusurwar allo yana ta cin lokaci ko tari ba ya jira ka yi.

Sau biyu Auta ta zauna jarrabawar, sau biyu makinta ya gaza. Ranar da ta dawo daga ta biyun, ko takalmi ba ta cire ba ta zauna a hannun kujera.

“Baba, ka daina wahalar da kanka,” ta ce. “Wataƙila kan nawa iyakarsa ke nan.”

“Wane kan? Wanda na sani?”

“Zan sake sau ɗaya, tunda makarantar ba ta rufe karɓar takardu ba. In bai yi ba, na gama.”

Malam ya ɗago ya dube ta. Ya san “na gama” ɗin Auta. Tana ƙarama ta faɗo daga keke ta kurje gwiwa, ta tashi ta kakkaɓe riga ta ce ta gama, kuma har yau ba ta sake ɗora ƙafa a kan keke ba. Ba digirin ne ya fi damunsa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yarinyar nan za ta ƙare rayuwarta tana ganin kanta ƙarami ne, alhali shi ya koyar da ɗaruruwan yara bai ga irinta ba.

Ya tashi tsaye a kan maganar, kuma ya yi abin da ya sani. Ya zazzago tsofaffin littattafansa daga saman kabad, ya zaɓo mata tambayoyi masu taurin kai, ta warware su ɗaya bayan ɗaya. Ya bi da jan biro bai sami inda zai taɓa ba. Amma da ta koma gwaji a kwamfuta, sai lokaci ya ƙare mata ga tulin tambayoyi ko ganinsu ba ta yi ba. Malam ya yi nazari mai zurfi, ya gano cewa hannunta ne ba ya sauri, ya je ya sayo mata biro mai santsi.

Matarsa ce ta gaji da kallo. Wata Asabar da safe, Auta ta fita, ta same shi yana ta mita shi kaɗai a kan yaran yanzu da rashin kuzari.

“Malam, kai da kake ta faɗan yarinya ba ta sauri, zauna mana ka gwada mu gani.”

“Ni? Wannan 'yar jarrabawar?”

“Ita fa. Ai ba za ta ɗauke ka lokaci ba.”

Ita ta buɗe masa kwamfutar, don shi har yanzu da yatsa ɗaya yake latsa ta. Ya gyara tabarau, ya jera farar takarda, ya fara. Tambayoyin farko ya share su yana murmushi. Can sai ga wata ta fito: famfo biyu na cika tanki, ga huda a gindinsa, ga wani ya zo ya rufe famfo ɗaya a tsakiyar aiki. Malam ya ji daɗi har cikin ransa, don ya daɗe bai haɗu da tambaya mai mutunci irin wannan ba. Ya warware ta, ya sake bi ta wata hanya don ya tabbatar, ya ja layi biyu. Haka ya yi wa ta gaba da ta gabanta. Yana tsakiyar wata, biro a hannu, allon ya sauya, ya ce lokaci ya cika.

“Ban gama ba!” ya ce wa kwamfutar.

“Ita ta gama,” in ji matarsa.

Makin ya fito. Bai kai na Auta ba, ko kusa. Matarsa ta toshe baki da gefen mayafi ta nufi kicin, amma kafaɗunta sun tona mata asiri. Malam ya daɗe a zaune yana kallon takardunsa, kowace amsa daidai, kowane layi a miƙe. A nan ne ya gane inda yarinyar ta gaji ciwonta.

Akwai mutum ɗaya da ya san yana koyar da wannan jarrabawa, kuma shi ne mutum na ƙarshe da Malam zai so ya nema. Tsohon ɗalibinsa ne, wanda shi da kansa ya raɗa wa suna Ɗan Gaggawa, yaron da yake miƙa takarda tun sauran ba su gama rubuta kwanan wata ba. Yana da aji a saman wani shagon gyaran waya. Malam ya hau siririn benen yana hutawa, ya tarar da ɗaki mai kujerun roba da farin allo da fanka mai kuka. Ɗan Gaggawa, wanda yanzu ya yi tumbi har sanƙo ya fara leƙowa, ya zabura ya miƙe kamar an kama shi yana barci a aji.

“Malam! Da kanka? Ai da ka aiko na zo.”

Malam ya zauna, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya yi maganar zafin gari, sannan ya ce akwai wata 'yar maƙwabcinsa da ke fama da jarrabawar nan. Ya miƙa takardun gwajinta. Ɗan Gaggawa ya duba shafi ɗaya, ya ga layi biyu a ƙarƙashin amsa, ya yi murmushi.

“Malam, 'yar maƙwabcin nan a teburinka take cin abinci, ko?”

“Duba abin da na ba ka.”

Ya duba har ƙarshe, a tsanake, abin da Malam bai taɓa ganin ya yi ba.

“Wannan aikin ya isa a sa shi a gilashi a rataye a bango,” ya ce. “Matsalar ita ce babu mai ganinsa. Ana gama jarrabawa ake karɓe takardar lissafi a yar. Ba lissafi kaɗai ake aunawa ba, Malam, manajoji ake nema. Ana so a ga mutum ya san inda zai zuba lokacinsa da inda zai janye hannu.”

Ya tashi ya yi bayani yana zane a allo, Malam na zaune a kujerar ɗalibi. Kowace tambaya rabonta kamar minti biyu ne. Idan rabin lokacin ya wuce ba ta ga hanya ba, ta soke amsoshin da hankali ba zai ɗauka ba, ta zaɓi ɗaya cikin sauran, ta wuce. Barin tambayoyi a ƙarshe ba a taɓa su ba ya fi kuskure biyu ko uku illa. Wasu tambayoyin ma ba amsar ake nema ba, ana tambaya ne ko bayanin da aka bayar ya isa a samo ta. Da ta ga ya isa sai ta tsaya, amma Auta sai ta warware har ƙarshe. Wani lokaci ya fi sauri ta ɗauki amsoshin ta gwada su a cikin tambayar. Kada ta sake yin gwaji babu agogo. Bayan kowane gwaji kuma ta duba inda lokacinta ya tafi, ba inda ta yi kuskure kaɗai ba.

“Wato dai ta canka,” in ji Malam.

“Ta canka da hankali.”

“Canka dai canka ce.”

“Haka ka ce min, ka ba ni sifiri ba adadi.”

“Kuma ka cancanta.”

“Na cancanta,” Ɗan Gaggawa ya ce yana dariya. “A ajinka ka yi daidai, don ba don kai ba da yanzu ba ni da abin koyarwa. Amma wannan wani filin ne daban. Ka turo ta in kana so, sai dai na san irinsu. Za ta ce min to, ta koma ta yi abin da ta saba. Bakin da ya hana ta canka, shi kaɗai za ta saurara.”

Malam ya sauko daga benen a hankali fiye da yadda ya hau.

Washegari da yamma, Auta na dawowa daga aiki ta tarar ya sauke agogon bango ya jingina shi da kwalbar ruwa a kan teburi. Ya yanka tambayoyi ɗaya-ɗaya a ƙananan takardu. Ya faɗa mata sabuwar doka a taƙaice, yana kallon agogon maimakon fuskarta. Ta ɗauka wasa ne, har sai da ta nutse a tambaya ta uku ta ga tafin hannunsa ya sauka a kan takardar.

“Zaɓi,” ya ce.

“Baba, saura layi ɗaya!”

“Zaɓi.”

Ta zaɓa tana huci. Ya janye takardar ya miƙa wa matarsa, ita kuma ta jefa a kwandon shara. Babu wanda ya san wa abin ya fi yi wa ciwo tsakanin uba da 'ya. Duk takardar da aka jefa da rabin lissafi a kanta, Malam sai ya kau da kai, yatsunsa na motsi su kaɗai a kan teburi.

Haka suka yi ta yi kowace yamma, gidan ya koma babu mai yi wa wani dariya. Ranar da abin ya fashe, Auta ta riƙe takardar gam, shi ma ya riƙe, har ta yage biyu. Ta miƙe tsaye, idonta ya ciko.

“Kai ne fa ka ce mai canka ba shi da kunya! Ina aji uku ka ba ni sifiri a gaban kowa don na tsallake layi biyu. Na yi kuka, ka ce gobe zan gode maka. Yanzu kuma ka ce in jefa amsa kamar mai caca?”

“Na faɗa, kuma ban janye ba,” in ji Malam. “A aji haka ne. Zauna.”

Ba ta zauna ba.

“To, tsaya a tsaye ki amsa min. A wurin aikinki, mota ta lalace a hanya, ga maganin da ba ya son zafi a cikinta. Me kike yi?”

“In tura wadda ta fi kusa mana.”

“Kin lissafa duk motocin da duk hanyoyin, kin tabbatar ita ce mafi dacewa?”

“Baba, ina na ga lokacin tabbatarwa? Kafin in gama ai maganin ya lalace.”

“Kuma sau nawa kike yin daidai?”

Ta dubi rabin takardar da ke hannunta.

“Kusan kullum,” ta ce a hankali.

“Saboda kin san aikin. Wanda bai sani ba in ya jefa amsa, caca ya yi. Ke kin sani. Ni na koya miki hanya, na kuma ga kin iya. Ba sai kin sake nuna wa kowa ba.”

Auta ta ja kujera ta zauna, ta share ido da bayan hannu, ta ce ya kawo ta gaba.

Daga nan abin ya fara sauyawa, ba a rana ɗaya ba. Wata yamma ta kai ƙarshe, wata yamma tsohuwar ɗabi'a ta dawo ta maƙale a kan tambaya ɗaya har ya ɗora hannu. Malam ya shiga yi mata tarko: cikin tambayoyin sai ya cusa wata muguwa wadda shi kansa sai ya cika shafi kafin ya kai ƙarshenta. Ranar da ta dubi irin wannan, ta soke amsa uku, ta zaɓi ɗaya, ta ture takardar da kanta ta ce “ta gaba”, hannun Malam yana sama bai kai ga sauka ba. Ya ce ta ci gaba, shi zai duba ko an rufe taga. Ya daɗe a bakin tagar, alhali a rufe take.

Ranar jarrabawa Malam ya sa kayansa mafi kyau, ya ce zai raka ta. Ta ce ba sai ya je ba, ya yi kamar bai ji ba. Wurin yana hawa na uku na wani dogon gini. Aka karɓe wayarta da agogon hannunta aka kulle a akwati, aka shigar da ita ta wata ƙofar gilashi mai duhu. Shi aka nuna masa benci a baranda, kusa da teburin mai gadi. Akwai wani mutum a bencin yana jiran matarsa, ya yi ƙoƙarin jan hira, amma Malam “eh” da “a'a” kawai yake iya fitarwa. A ransa yana biye da ita tambaya bayan tambaya, yana roƙon kada a jefo mata mai daɗi irin ta tankin nan ta manta da kanta. Ya san in ta fito ta ce ta gama, babu mai sake tayar da maganar, har shi.

Mutane suka fara fitowa, wasu kai a ƙasa. Can sai ga Auta, da takarda a ninke a hannu, fuskarta ba ta faɗin komai. Malam ya miƙe. Ta miƙa masa takardar, ya laluba aljihu neman tabarau alhali yana kan hancinsa. Ita ta karanta masa. Makin ya haura abin da makarantar ke nema, kuma haurawa ba ta wasa ba.

“Kin kai ƙarshe?” ya tambaya.

“Har da ɗan saura a agogo.”

“Duka kika warware?”

Ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kama da laifi.

“Huɗu na canka, Baba. Ɗaya ma ban gama karanta ta ba, na ga ba tawa ba ce na wuce.”

Wani abu ya taso wa Malam daga ƙirji wanda bai san yana da shi ba. Alfahari ne, zalla, irin wanda ba ya zama a ciki. Ya juya ga mutumin bencin ya ɗaga takardar sama.

“Ka ga wannan? 'Yata ce! Autata! Ka ji makin da ta ci? Tsaya in faɗa maka!”

“Baba, don Allah,” in ji Auta tana jan hannun rigarsa, tana dariya tana hawaye.

Bai ji ta ba. Ya faɗa wa mutumin bencin, ya faɗa wa wata mata da ta fito daga lif, na'urar hawa bene, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba, muryarsa ta aji ta dawo har tana amsawa a baranda. Mai gadi ya taso da sauri.

“Baba, a rage murya. Akwai masu jarrabawa a ciki.”

Malam, wanda ya yi shekaru yana korar mutane daga bakin ɗakin jarrabawa saboda ƙarar takalminsu, ya dafe baki.

“Gaskiyarka, ɗana. Ka yi haƙuri. Aikinka kake yi.”

Mai gadin ya juya zai koma teburinsa. Malam ya kamo hannunsa, ya jawo shi kusa, ya nuna masa lambar da yatsa, sannan ya kai baki kunnensa ya yi raɗa.

“Kuma huɗu daga ciki canka ta yi. Ni na koya mata.”